Makonni uku a wata cibiyar kula da kumburin hannu a Jidda

Tun ranar da matan unguwarmu suka ga Goggo ta ɗaura ɗankwalinta da kanta, ba tare da ta kira wata ta kama mata ba, tambayoyin da ake yi mini ba su wuce biyu ba: ina kuka kai ta, kuma nawa kuka kashe? Na amsa da baki har na gaji, shi ya sa na ga ya fi kyau in rubuta abin da na gani da idona a wata cibiyar gashin ƙashi mai zaman kanta da ke Jidda, irin wurin da a nan ake kira ilaj ɗabi'i, inda muka yi makonni uku muna kai ta saboda kumburin da ya kama hannunta bayan aikin sankarar mama. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin akwai abin da zan yaba, akwai kuma abin da zan kushe, kuma galibin abin da zan kushe ba laifin wuri guda ba ne.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Ta zo Makka tana amarya, ta tsufa a wajejen Shara Mansur, kuma sana'arta tun da na yi wayo ita ce suyar waina da tuƙa tuwon shinkafa, musamman lokacin aikin Hajji da alhazan Nijeriya da Nijar ke cika unguwar suna neman abincin gida. Da aka gano ciwon, an cire mata maman dama gaba ɗaya tare da kaluluwar da ke cikin hammata, aka yi mata ƙarin ruwan da ake kira kimawi, sannan aka yi mata gashin haske. Aikin ya yi kyau, kuma har gobe muna yi wa likitocin da suka yi shi addu'a. Sai dai ranar da aka sallame ta, abin da aka faɗa mana game da hannun bai wuce jimla guda ba, wato kada a yi mata allura ko a ɗauri awon jini a hannun dama. Ba wanda ya gaya mana dalili, ba wanda ya ce mu sa ido kan wani abu, mu kuma murnar ta tsira da ranta ta hana mu tambaya.

Bayan shekara guda da 'yan watanni, a tsakiyar zafin Makka da ke haura digiri 45, zobenta na azurfa ya ƙi fita. Daga nan sai ta fara cewa hannun yana mata nauyi kamar ta rataya tulu, hannun rigarta na dama ya fara matse ta, awarwaro ya fara barin shata a wuyan hannu. Da farko kumburin yakan sauka da asuba ya dawo da la'asar, daga baya ya daina sauka.

Abin da na fahimta daga baya, wanda da an gaya mana shi tun farko da mun huta da wahala mai yawa, shi ne cewa bayan jini akwai wani farin ruwa da ke yawo a jiki ta wasu siraran hanyoyi, ana kiran sa ruwan limfa, kuma ruwan da ke fitowa daga hannu dole ne ya bi ta kaluluwar hammata kafin ya koma cikin jini. Idan aka cire kaluluwar, ko gashin haske ya taurara naman wurin, sai hanya ta ƙuntata, ruwan ya riƙa taruwa a ƙarƙashin fata kamar kwatar da aka toshe wa baki. Ruwan nan yana da kauri saboda sinadarin furotin da ke cikinsa, kuma idan ya daɗe sai ya sa fata ta yi tauri, kitse ya taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Wani babban nazari da aka buga a 2013, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da yawa, ya nuna cewa kusan mace ɗaya cikin biyar da suka yi jinyar sankarar mama tana samun wannan kumburi, kuma haɗarin ya fi yawa nesa ba kusa ba ga wadda aka kwashe wa kaluluwar hammata, idan aka kwatanta da wadda aka ciri guda ɗaya ko biyu kawai don gwaji. Matanmu kuwa, da yake yawanci sai ciwo ya yi nisa muke zuwa asibiti, mu ne aka fi kwashe wa kaluluwar.

Kafin mu san duk wannan mun yi irin abin da kowa zai yi. Wani mai kantin magani ya ba mu ƙwayar da ke sa yawan fitsari, wadda ba ta taɓa kumburin ba sai jiri da ta jawo mata, kuma daga baya aka bayyana mana cewa irin wannan magani ba ya fitar da ruwan limfa. Wata maƙwabciya, da kyakkyawar niyya, ta ce mataccen jini ne, a yi ƙaho. An yi ƙahon a damtse. Kwana biyu bayan haka Goggo ta kwana da zazzaɓi da rawar ɗari, hannun ya yi ja kamar gauta, ya yi zafi har ba ya taɓuwa, muka kwashe ta zuwa sashen gaggawa cikin dare. Ba ƙaho nake zagi ba, sunna ce kuma ni ma ina yi, amma hannun da ba shi da kaluluwa ba ya iya kare kansa, kuma duk wata tsaga a fatarsa ƙofa ce aka buɗe wa cuta. Likitar da ta karɓe mu a daren nan ita ce ta fara kiran ciwon da sunansa, ta ce bayan an gama maganin kashe ƙwayoyin cuta mu nemi mai gashin ƙashi da ta ƙware a kan kumburin limfa, ba kowace mai gashi ba. Neman irin wannan ƙwararriya a kusa da mu ya ci mana kusan wata guda, a ƙarshe dai sai a Jidda muka samu wadda za ta iya karɓar mu ba tare da dogon jira ba.

Cibiyar tana hawa na biyu na wani gini, sashen mata daban, da tsabta da sanyin na'ura da kujeru masu taushi. Ba wannan ya burge ni ba, domin duk wani wurin kuɗi a Jidda haka yake. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne yadda mai gashin, wata 'yar Sudan mai matsakaicin shekaru, ba ta taɓa na'ura ko ɗaya ba a zaman farko. Ta ɗauko tef irin na tela da alƙalami, ta sa ɗigo a fatar Goggo daga wuyan hannu zuwa kafaɗa, tazarar santimita 4 tsakanin kowane ɗigo da na gaba, ta auna kaurin hannun a kowane ɗigo, ta yi haka a hannun hagu, ta rubuta su gefe da gefe. A ƙasan gwiwar hannu bambancin ya kai santimita 5. Ta ce mana da an zo tun bambancin bai kai santimita 2 ba, da safar matsi da motsa jiki kaɗai sun isa. Ta danna fatar da babban yatsa ta ƙirga, ta duba tsakanin yatsu da gefen farce, ta sa Goggo ta ɗaga hannu, sai ga shi bai wuce tsayin kafaɗa ba, tabon aikin ya manne da haƙarƙari. Sannan ta nemi takardun asibitin da aka yi aikin, ta ce ba za ta fara ba sai ta tabbatar ciwon fatar ya warke sarai, kuma likita ya tabbatar ba gudan jini ba ne ko dawowar ciwon ke kawo kumburin. Wannan taka-tsantsan ɗin na ɗauke shi alamar wanda ya san aikinsa.

Wani abu ya faru a wannan zama da ban zata ba. Da ta ji Goggo tana yi mini magana, sai ta ɗago kai ta ce, da wata irin Hausa mai nauyin Larabci, "Sannu, Hajiya, ina gajiya?" Ashe ta taso ne a wajejen Sinnar, kusa da Mai Wurno, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma ƙawayenta na makaranta Hausawa ne. Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunayen gaɓoɓi ba, amma Goggo, wadda ta shiga ɗakin a ɗarare tana riƙe da mayafinta a ƙirji, sai ta saki jiki ta bari aka ga tabon da ko ni ba ta cika bari in gani ba.

Jinyar kanta ana yin ta ne kwana biyar a mako, kowane zama kusan awa guda. Ana farawa da wata irin tausa da wani mutumin Denmak mai suna Emil Vodder ya ƙirƙiro a shekarun 1930, wadda ba ta yi kama da tausar da muka sani ba ko kaɗan. Ba a murza nama, ba a shafa man zafi, fata kawai ake ja a hankali da tafin hannu a sake ta, kuma ba daga hannun da ya kumbura ake farawa ba, daga wuya ake farawa, a gangara ciki da numfashi mai zurfi, a je hammatar hagu mai lafiya, sannan a riƙa kora ruwan ta ƙirji da baya zuwa can. Goggo ta raina abin a ranar farko. A mota ta ce mini, "'Yar nan, wannan shafar ce za mu biya wa kuɗi? Ai ko jaririya ta fi ta ƙarfin hannu." Na gaya wa mai gashin washegari, ta yi dariya ta ce Goggo ba ta yi ƙarya sosai ba, domin hanyoyin limfa dab da fata suke, dannawa da ƙarfi toshe su take yi, kuma ko a binciken masana tausar taimako ce kawai, babban aikin bandeji ne ke yin sa. Na ji daɗin wannan gaskiyar, domin tausar ce ta fi cin lokaci kuma ita ce ta fi sauƙin sayarwa.

Naɗin bandejin shi ne abin kallo. Ana wanke hannun a shanya shi, a shafa mai marar ƙamshi, a zura wata siririyar safar auduga daga yatsu zuwa hammata. Sai a naɗe kowane yatsa da ƙaramin bandeji, a bar kan farce a waje don a riƙa ganin launinsa. Sai auduga ko soso mai laushi, a ƙara kauri a gwiwar hannu da wuyan hannu inda ƙashi ya fito. Daga nan sai bandeji masu launin ƙasa, huɗu ko biyar, kowane ya fi na baya faɗi, waɗanda ba sa miƙewa sosai, ana naɗa su da matsi mai yawa a ƙasa, yana raguwa yayin da ake hawa sama. Hikimar irin wannan bandeji ita ce idan mutum yana hutawa ba ya shaƙe hannu, amma da zarar tsoka ta motsa sai ta ci karo da bango mai tauri, ruwan ya rasa inda zai je sai sama. Bandejin roba da ake sayarwa a kowane kantin magani don targaɗe akasin haka yake yi, yana matsewa lokacin barci, kuma mai gashin ta ja mana kunne a kansa har sau biyu. Idan an gama, hannun yakan zama kamar taɓarya, kuma haka za a kwana da shi a wuni da shi sai an dawo washegari.

A daren farko matsalar da ta hana Goggo barci ba zafi ba ce, alwala ce. Takardar da cibiyar ta ba mu ta yi bayanin wanka, ta yi bayanin abin da za a yi idan yatsu suka yi shuɗi ko suka mutu, amma ba ta ce komai ba a kan yadda mace mai salla biyar za ta yi da hannun da aka naɗe har hammata, a ƙasar da kusan duk mai shigowa wurin Musulma ce. Saura kaɗan ta kwance shi da asuba. Sai da muka kira malamin da take ɗaukar karatu a wurinsa ya tuna mata da babin shafa a kan jabira, wato shafa ruwa a kan abin da aka ɗaure ciwo da shi maimakon wankewa, wanda ke cikin littattafan fiƙihun Malikiyya da ta sani, sannan hankalinta ya kwanta. Na tabbata akwai matan da ba su da wanda za su kira, suka kwance bandejin sau biyar a rana, aka ce jinyar ba ta karɓe su ba. Layi biyu a takardar nan da sun wadatar.

Abin da ya fi komai daraja a cikin duk kuɗin da muka biya ya faru ne a mako na biyu, kuma ba ya cikin lissafin da aka rubuta mana. Mai gashin ta miƙo mini bandejin ta ce in naɗa, tana tsaye a kaina. Na yi, ta kwance. Na sake, ta sa yatsa a ƙarƙashi ta nuna mini inda na matse sama fiye da ƙasa, abin da zai tare ruwan a tafin hannu, ta sake kwancewa. Sai a rana ta uku ta bar naɗina ya kwana. Ta sa na ɗauki bidiyon hannuwanta da wayata tana naɗawa a hankali, ta koya mini yadda ake wanke bandejin da ruwan ɗumi a shimfiɗa shi a inuwa ba a rataye ba, da yadda ake nannaɗe shi tamau kafin amfani. Ta ce kumburin limfa ba ya warkewa gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rayuwa, don haka jinyar da ta dogara ga zuwa Jidda kullum jinya ce da za ta mutu ranar da kuɗi suka ƙare. Ban san ko tsarin cibiyar ne ko halin matar ne ba, amma wasu da na zauna da su a ɗakin jira, waɗanda wata ma'aikaciyar ke dubawa, sun ce ba a koya wa 'yan rakiyarsu komai ba, don haka duk wadda za ta je ta nemi wannan da bakinta tun ranar farko.

Ɓangaren motsa jiki ma ya gyara mana wani tsohon kuskure. Tun bayan aikin mun hana Goggo taɓa komai, ko buta ba ma bari ta ɗauka, muna ganin tausayi ne, alhali wannan zaman ne ya daskarar da kafaɗar. An sa ta tafiya da yatsu a jikin bango tana hawa sama kaɗan-kaɗan, ana sa alama da fensir inda ta tsaya, an sa ta riƙe sanda da hannu biyu tana ɗagawa, an kuma riƙa sassauta tabon da yatsu har ya fara motsi a kan haƙarƙari. Daga baya aka ba ta ƙarfe mai nauyin rabin kilo. Da na nuna tsoro, sai aka gaya mini cewa shekaru da yawa likitoci ma hana ɗaukar kaya suke yi, har sai da wani gwaji da Kathryn Schmitz ta jagoranta a Amurka, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa matan da ke da kumburin, idan suka riƙa ɗaga nauyi ana ƙara musu a hankali suna sanye da safar matsi, kumburinsu bai ƙaru ba, tashin ciwon ma raguwa ya yi. Goggo ba ta damu da Amurka ba, tambayarta guda ce, yaushe za ta koma kan muciya. Amsar da aka ba ta ta yi mini daidai: tuƙin tuwo zai dawo, a fara da ƙaramar tukunya, amma suyar waina a gaban tanda sai da doguwar safa mai kare fata, domin fantsamar mai guda ɗaya na iya mayar da ita gadon asibiti.

Yanzu sai batun kuɗi, inda yabona ke ƙarewa. Mun biya riyal 250 a kowane zama, ban da bandejin da aka ce mu saya namu, ban da harajin kashi 15 cikin ɗari da aka ɗora tun watan Yulin 2020, wanda gwamnati ke ɗauke wa 'yan ƙasa a asibitoci masu zaman kansu amma mai igama, wato baƙon da ke da takardar izinin zama, shi ke biyan abinsa. Goggo tana da igama a ƙarƙashin ɗanta, tana da tamin, wato inshorar lafiya, na kamfanin da yake aiki, amma kamfanin inshorar ya amince da zama kaɗan ne kawai, bandeji da safa kuwa ya ce ba magani ba ne. Gidan da ke biyan gwamnati riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar mai gida ba shi da rarar da zai zuba a nan, sai da 'yan'uwa suka yi karo-karo, aka haɗa da kuɗin adashinta. Abin da ya ɓata mini rai shi ne a wurin biyan kuɗi, inda ma'aikaciyar ta yi ta ƙoƙarin sayar mana da wani kunshi mai tsada da ya haɗa da na'urar da ke hura iska a cikin wata doguwar riga ta hannu, da wani hasken leza, tana magana kamar idan ba mu saya ba mun yi wa tsohuwa rowa. Da na koma na tambayi mai gashin, ta ce a yanayin Goggo ba dole ba ne. Bai kamata a ce mai karɓar kuɗi ce ke tsara wa marar lafiya jinya ba.

Safar matsin ma ta ba mu wahala. Bayan makonni uku bambancin da ke ƙasan gwiwar hannu ya sauko daga santimita 5 zuwa ƙasa da 2, sai aka ce lokacin safa ya yi, wadda za a sa da safe a cire da dare. Wadda ke cikin kantin cibiyar ba ta dace da ita ba, domin Goggo gajeriya ce mai kaurin damtse, safar tana naɗewa a sama tana yanka ta kamar igiya. Aka auna ta aka aika a ɗinko daga Jamus, muka yi makonni muna jira, ni kuma ina naɗa bandeji kullum don kada abin da aka samu ya zube. Da ta iso ta zauna daram, sai dai launinta wai launin fata ne, fatar da ba tamu ba, har Goggo ta ce hannun wata Baturiya aka ara mata. Akwai baƙa, ba a dai gaya mana ba sai da muka tambaya. Kuma ƙarfin irin wannan safa yakan mutu bayan kamar wata shida, ga zufar Makka da ke tilasta wanki kullum, wato mutum yana bukatar biyu a lokaci guda, kuma wannan kashe kuɗi ne da ba ranar gama shi.

Duk takardun cibiyar da Larabci da Turanci suke, alƙawarin zuwa kuma ta saƙon WhatsApp a rubuce. Mu da aka haifa a nan wannan ba komai ba ne, amma iyayenmu da yawa Larabcin kasuwa suke ji, ba sa karanta shi, kuma ba kowace tsohuwa ce za ta iya bayyana wa baƙuwa da wani harshe cewa tana jin kamar ana ja mata wata jijiya daga hammata zuwa gwiwar hannu ba. Abin da na yi shi ne na mayar da takardar gargaɗin zuwa saƙon murya da Hausa, minti huɗu: a riƙa shafa mai, kada a yanke farce har cikin nama, a kiyayi cizon sauro da ƙuna da baƙin lalle mai sinadari, kada a yi ƙaho ko tsaga ko sakiya a wannan hannu, kuma idan aka ga ja da zafi da zazzaɓi a tafi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Na tura wa mata uku. Cikin wata guda saƙon ya dawo mini ta hannun wata da ban sani ba daga Madina. Idan ni da wayata na iya wannan, cibiyar da ke karɓar ɗaruruwan riyal a awa ba ta da uzuri, ga Hausa, ga Urdu, ga harshen 'yan Burma da ke cike da unguwannin Makka.

Akwai kuma waɗanda ko ƙofar ba za su iya kaiwa ba. Tsakaninmu da Jidda kusan kilomita 80 ne, zuwa da dawowa kullum har makonni uku, kuma ba don ina tuƙi ba, abin da ya halatta ga mata tun watan Yunin 2018, da kuɗin mota kaɗai ya kayar da mu. A unguwarmu akwai wata baiwar Allah da aka yi wa irin aikin Goggo, hannunta ya fi na Goggo kumbura har ba ya shiga hannun abaya, amma takardunta sun mutu shekaru da suka wuce, ba ta da lambar da za ta yi rajista da ita a Sehhaty, manhajar ma'aikatar lafiya, kuma ko an ba ta kuɗin kyauta ba za ta yarda ta bi ta shingen binciken jami'an tsaro na Shumaisi da ke hanyar Jidda ba. Rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Karantina da Sabil, wanda aka fara a ƙarshen 2021, ya warwatsa iyalai da yawa zuwa bayan gari, nesa da asibitocin da suka saba da su da maƙwabtan da ke raka su. Ita wannan mata ni nake zuwa in naɗa mata da tsofaffin bandejin Goggo, ina sane da cewa ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, kuma ba wanda ya auna ta ko ya duba ko akwai dalilin da zai hana a matse hannun.

Ba za a ce ba a yi ƙoƙari a ƙasar nan kan sankarar mama ba. Ƙungiyar Zahra, wadda aka kafa a Riyad a 2007, da Dakta Samiya al-Amudi ta Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, wadda ta fito fili ta ba da labarin ciwonta bayan an gano shi a 2006, lokacin da mata ko sunan ciwon ba sa iya kamawa, sun canza yadda ake magana a kansa. Kowane watan Oktoba manyan kantuna sukan cika da launin ruwan hoda, alamar yaƙi da ciwon, da kiran a je a yi gwaji. Amma kusan duk wannan magana ta kafin aiki ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da ciwon a duniya, kuma a watan Mayun 2023 babban taronta ya zartar da ƙuduri na farko da ke neman ƙasashe su sa farfaɗo da marasa lafiya a cikin ainihin tsarin kiwon lafiya, ba a matsayin ƙari ga mai hali ba. A ƙasa, inda muke, abin da wannan ke nufi ƙarami ne: a auna hannuwan mace biyu kafin a shiga da ita tiyata, a sake aunawa duk lokacin da ta zo ganin likita, a samu mace guda da aka horar a mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, mai tef da bandeji, a kuma lissafa safar matsi a cikin magani. Na so a ce cibiyar nan tana fita ko sau ɗaya a wata zuwa unguwannin Makka, ko tana horar da 'yan rakiya rukuni-rukuni a farashi mai sauƙi, na kuma faɗa wa shugabar sashen haka, ta saurare ni da ladabi ta rubuta.

Wani giɓin da na lura da shi shi ne ba wanda ya taɓa tambayar Goggo yadda take ji a ranta, ko ya yi mata maganar maman roba da ake sakawa a rigar mama, alhali rashin nauyi a gefe guda yana karkatar mata da kafaɗa. Tsumma take cusawa. A ɗakin jira ne wata Bamisriya ta buɗe jakarta ta nuna mata nata, ta gaya mata irin kantin da ake samu.

Ga wadda hannunta ya riga ya kumbura kuma tana da halin biya, ina ba ta shawarar ta je irin wannan wuri, da sharaɗin ta tabbatar mai gashin ta yi horo na musamman kan kumburin limfa, ta ga an auna ta da tef an rubuta, ta tafi da 'yar rakiya guda da ba za ta canza ba, ta ƙi duk wani kunshin da ba mai gashin ce ta ce a saya ba, ta kuma nemi a auna mata safa tun mako na biyu don kada jira ya cinye abin da aka samu. Wadda aka yi wa aiki kwanan nan kuwa, ko hannunta lafiya lau yake, zama guda na awo da koyon motsa kafaɗa ya fi mata arha fiye da makonni ukun da muka yi.

Goggo ta koma tuƙa tuwo a ƙaramar tukunya, wainar kuma jikarta ce ke zama gaban tanda ita tana ba da umarni daga kan kujera. Duk ranar Juma'a bayan la'asar nakan je da tef in auna wurare huɗu in rubuta a bayan kalandar kicin. A makon da ya wuce na samu ƙarin santimita guda a wuyan hannu, na tsananta tambaya, sai ta amsa cewa ta cire safar kwana biyu saboda bikin wata jikar ƙawarta, wai ba ta shiga da leshin da ta ɗinka. Mun koma bandeji na dare uku, kuma safa ta biyu, baƙa, tana hanya.